Ɗan aike marar suna da asusun matan unguwarmu

 Yau ba zancen farashin hatsi ko na hanya na zo da shi ba. Magana ce kan wani karatu da na sa kaina tun bayan girbin bara, wato koyon rubuta wa kwamfuta umarni, ko ka ce rubuta manhaja. Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Ka ɗan yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, don maganar ta taɓa kuɗin iyayenmu mata, ta kuma taɓa samarinmu da suka gama lakwal suna zaune da waya a hannu ba su san abin da ke cikinta ba.

Abu biyu ne ke korar yawancin masu fara wannan karatu tun a watan farko. Na ɗaya shi ne zagaye, wanda littattafan Faransanci ke kira bukul. Na biyu shi ne aiki marar suna, wanda ake ce wa lamda. Kowanne shi kaɗai ba shi da wata wahala. Inda suka haɗu ne ake kuka. Su nake so in warware da Hausa, don ni dai ban samu wanda ya rubuta mini su da Hausa ba sa'ad da nake nema.

Amma bari in fara da abin da ya kai ni. Duk wanda ya tashi a ƙasar Maraɗi ya san asusun mata. A nan jiharmu ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Innata tana cikin irin wannan ƙungiya, su 25. Kowane mako kowace ta zuba dala 100, mai bukata ta ci bashi ta ja jarin ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya, wadda ta makara ta biya tara. Akwatinsu kwaɗo uku gare shi, makullan na hannun mata uku dabam-dabam. Shekara da shekaru a ka suke riƙe lissafi, kowace ta san bashin wadda ke zaune kusa da ita. Da kuɗin suka yi yawa sai suka ce a riƙa rubutawa, kuma tunda ni ne ɗan lakwal ɗin gidan, kaye da bik suka faɗo hannuna. Rubutun mako-mako ba komi ba ne. Ranar rabo ce aiki: mace 25, mako 50 da wani abu, ga bashi, ga tara, ga wadda ta biya rabi. Dare biyu nake yi ina tarawa ina sake tarawa, don kuɗin mutane ne, kuma tamma ɗaya in ta ɓata ba wanda za a kalla sai mai bik.

To shi ne wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ɗan unguwarmu ne, ya ce mini wannan aikin na dare biyu waya za ta yi shi kafin in ƙifta ido, in dai na iya gaya mata. Ya sa mini wata manhaja mai suna Pydroid 3, wadda ke ba mutum damar rubuta harshen Python a wayar Android. Da zarar ka sauke ta, ko babu intanet tana aiki. Ba ka bukatar kwamfutar jika 200. Abin da ya fi burge ni ma, Python na karɓar haruffanmu masu ƙugiya. Kana iya sa wa abu suna kuɗi ko saƙo, da ɗ ɗinsa da ƙ ɗinsa, ba ta musu.

Zagaye dai ba baƙon abu ba ne gare mu. Wanda ya taɓa bin mai sungumi ranar shuka ya san shi: ga rami, jefa iri, rufe da ƙafa, matsa gaba, ga rami, jefa iri, rufe da ƙafa, har ƙarshen gona. Ba a yi wa kowane rami bayani na dabam. Umarni ɗaya ne, ramuka ne ke canzawa. Haka mai ban ruwa a Jiratawa ke bin fangali ɗaya bayan ɗaya. A Python ga yadda ake rubuta shi:

for mace in mata:
    jimla = jimla + mace["zubi"]

Da Hausa cewa ka yi: ga kowace mace cikin mata, ɗauki zubinta ka ƙara kan jimla. Layi biyu ke nan. Ko matan 25 ne, ko 2,500, layin biyu ne dai. Ka lura da kalmar mace a layin farko, don za mu dawo kanta. Ba wata mace ba ce takamaimai. Kamar kujera ce guda da aka aje gaban akwati: wannan ta zauna a yi lissafinta ta tashi, wata ta zauna.

Akwai zagaye iri na biyu, wanda ake farawa da kalmar while. Shi ba ka san sau nawa za a yi ba, sharaɗi kawai ka bayar. Kamar ka ce wa yaro, yi ta ɗebo ruwa har randa ta cika. Guga nawa ne? Oho, sai dai ta cika. Haɗarin wanga shi ne randa mai huda. In sharaɗin da ka sa ba zai taɓa cika ba, yaron mutum zai gaji ya zo ya ce baba randar nan fa tana yoyo. Waya ba ta zuwa ta faɗa. Za ta yi ta yi, ta ɗau zafi, batir ya ƙare, kai kuma ka san kuɗin caji da wahalar kuran a garin nan. Wannan shi ne darasin farko da zagaye ke koya wa mutum: na'ura ba ta da kunya, ba ta da tausayi, ba ta kuma da wayon cewa ai nufinsa kaza ne. Abin da ka faɗa shi take yi.

Sai batun aiki. A wannan karatu, aiki wani ɗan guntun umarni ne da ka ware, ka ba shi abu, ya sarrafa ya maido maka. Misali mafi kusa da mu shi ne dala. Takarda da waya da banki duk da tamma suke lissafi, su ce 500. Inna kuwa in ka ce mata 500 sai ta ɗauka dala 500 kake nufi, wato jika biyu da rabi. Dole duk adadin da zan karanta wa matan in raba shi gida biyar tukuna. Maimakon in riƙa rubuta rabawar a wuri goma, sai in gina aiki guda in raɗa masa suna:

def zuwa_dala(kuɗi):
    return kuɗi // 5

Wannan aiki ne mai suna. Kamar telan unguwa ne: yana da shago, kowa ya san shi, duk sa'ad da ka bukace shi ka kira sunansa ya amsa. To amma ba kowane aiki ne ke bukatar shago ba. In ka sauka tashar Maraɗi da buhu, ka kan yafuto yaro ka ce ɗauki wannan ka kai mini bakin waccan mota. Ba ka tambayar sunansa, ba ka karɓar lambarsa. Ya kai, ka sallame shi, shi ke nan. Wannan shi ne lamda, ɗan aike marar suna:

lambda kuɗi: kuɗi // 5

Aikin ɗaya ne da na sama, sai dai ba a raɗa masa suna ba, kuma layi guda ne. Mai koyo zai ce, to mene ne amfaninsa tunda ga mai suna? Amfaninsa na fitowa ne inda wani babban aiki ke bukatar ka ba shi ɗan ƙaramin umarni nan take. Ga misali, shugabar asusu ta ce in jera mata matan daga mai ƙaramin bashi zuwa mai babba. Python na da aikin jerawa tun asali, sunansa sorted. Amma bai san da me zai jera ba: da suna, da shekaru, ko da bashi? Sai ka miƙa masa ɗan aike:

sorted(mata, key=lambda m: m["bashi"])

Wato jera mini matan nan, kuma duk wadda ka ɗauko, bashinta za ka duba. Gobe in an ce a jera da yawan tara, kalma ɗaya zan canza. Ranar da na ga sunaye 25 sun jeru da kansu a fuskar waya, wallahi sai da na tashi na zaga tsakar gida.

Shi wannan lamda ya girmi kwamfutar kanta. Wani masanin lissafi na Amurka, Alonzo Church, shi ya fito da shi a shekarun 1930, da alli da takarda, kuma sunan na wani harafi ne na Girkanci da ya yi amfani da shi. A 1958 John McCarthy ya sa shi cikin harshen Lisp. Python kuwa, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, ya samu lamda a 1994. Na kawo wannan ne don mu gane ba sihiri ba ne. Mutane ne suka zauna suka yi tunani, kamar yadda wasu mata suka zauna suka ga akwati mai kwaɗo ɗaya fitina ne, suka sa uku.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Na so in yi wa kowace mace maɓallinta a fuskar waya, ta yadda ranar taro in an taɓa sunanta bashinta ya fito. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a yi zagaye, a cikin zagayen a ƙera wa kowace ɗan aikenta. Da na gaya wa ɗalibin nan, sai ya ce, "Yaya, kafin ka taɓa kayen Inna, gwada wannan tukuna da mutum uku na ƙarya." Ya rubuta:

mata = ["ta ɗaya", "ta biyu", "ta uku"]
aike = []
for mace in mata:
    aike.append(lambda: print(mace))

Wato an bi mata uku, an ƙera ɗan aike uku an tara su wuri ɗaya, kowanne aikinsa ya faɗi sunan mace. Ba a aike su ba tukuna, sai an gama zagaye. To da aka gama aka kira su ɗaya bayan ɗaya, me kuke jin ya fito? Duk mai hankali zai ce ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Abin da waya ta rubuta shi ne: ta uku, ta uku, ta uku.

Ba wayar ce ta lalace ba, kuma ba aljani. Ku tuna kujerar nan da na ce za mu dawo kanta. Ko mu ɗauke shi kamar allon aji. Mushe ya rubuta sunan mace ta ɗaya a allo, ya kira yaro ya ce, an jima in na tashe ka, ka duba allo ka tahi gidan wadda sunanta ke kai. Ya goge, ya rubuta ta biyu, ya kira wani yaro ya gaya masa haka. Ya goge, ya rubuta ta uku, ya kira na uku. An jima ya ce to ku tashi. Yaran uku suka ɗaga kai suka dubi allo. Sunan wa ke kai? Na ta uku kaɗai. Duk sai suka ɗunguma gidanta. Ba wanda ya saɓa umarni a cikinsu. Abin da aka ba su shi ne inda za su duba, ba a ba su sunan a hannu ba. Lamda ma haka yake: wurin da aka aje abu yake riƙewa, ba abin da ke wurin a lokacin da aka ƙera shi ba. Sai ranar da aka tashe shi yake leƙawa, kuma a lokacin zagaye ya riga ya ƙare, ta ƙarshe ce ke kan kujera.

Ku dubi abin da wannan zai haifar ranar taro. A ce ta ƙarshe a kaye tana da bashin jika 15. Duk wadda aka taɓa sunanta, jika 15 zai fito. Tsohuwar da ba ta taɓa cin bashin ko dala ɗaya ba, a gaban kishiyarta da surukarta waya ta ce ana bin ta jika 15. Ko kuma ta ƙarshen ba ta da bashi, sai kowa ta fito wanke tas, kuɗin asusu ya bi ruwa. Abin da ya fi muni, wayar ba za ta nuna wata alamar kuskure ba. Ba jan rubutu, ba ƙara. Za ta kawo ƙaryar nan tsaf-tsaf cikin kyakkyawan rubutu, mutanenmu kuwa sun fara ɗaukar duk abin da ya fito daga waya kamar yankan wuƙa.

Maganin ba shi da tsawo. Maimakon a ce wa yaro ya duba allo, a rubuta sunan a ƴar takarda a danƙa masa tun lokacin da aka kira shi:

aike.append(lambda mace=mace: print(mace))

Wannan ƴar ƙarin ita ce takardar. Kowane ɗan aike ya tafi da tasa a aljihu, ko an goge allo sau ɗari babu ruwansa. Da aka sake gwadawa sai ga ta ɗaya, ta biyu, ta uku.

Kada wani mai koyo ya ji wannan ya ce kansa ne ba ya ja. Ramin nan ya ci manyan ƙwararru a duniya, har sai da aka canza wasu harsunan saboda shi. Kamfanin Microsoft ya gyara yadda wani zagaye ke aiki a harshen C# a 2012. Harshen JavaScript, wanda kusan duk shafin da kake buɗewa a intanet ke amfani da shi, ya samu kalmar let a 2015, wadda ke ba kowane zagaye sabon allonsa. Harshen Go na kamfanin Google sai a watan Fabrairu na 2024 ya yi irin wannan gyara. Shi kansa mai Python ɗin, a 2005 ya so a cire lamda gaba ɗaya daga harshen, daga baya ya haƙura ya bar shi. Python har yau tana nan kan tsohuwar hanya, don haka mai koyonta dole ya san ramin.

Da na kai wa Inna labarin za a fara lissafi da waya, ba ta yi murna ba, ba ta kuma hana ba. Na ba ta misalin yaran nan uku da allo, ta saurara tana tsinkar zogale. Da na gama ta ce, "Wato ɗan aiken naka ba ya tambaya?"

Na ce, "Ba ya tambaya, Inna."

Ta ce, "To ɗan nan, wanda ba ya tambaya ba a ba shi makulli. Ya yi lissafinsa, mu yi namu. In sun zo ɗaya, alhamdu lillahi. In sun saɓa, ba mai tashi sai an gano."

Haka ake yi yanzu. Ranar taro kowace mace ta faɗi bashinta da bakinta, maƙwabciyar zamanta ta shaida, sannan in karanta abin da waya ta ce, da dala. Kayen ma yana nan, ban jefar da shi ba. Abin da ya canza shi ne dare biyun nan na rabo ya koma ƙasa da awa ɗaya, kuma yawancin awar a sake dubawa take tafiya. Daga baya na fahimci ƙa'idar Inna ita ce ƙa'idar masu wannan sana'a a ko'ina: ba a yarda da manhaja sai an gwada ta da abin da aka riga aka san amsarsa.

Ga ƙannena da ke son farawa, ga abin da zan ce. Kada ka fara da misalan littafi na tufa da lemun Turai da ba ka taɓa saye ba. Ɗauki abin da ka san amsarsa a ka: tiya nawa ke cikin buhu, canjin naira da sefa da ake yi a Ɗan Isa da Jibiya, kuɗin kifin da aka kamo a tabki cikin mako, sakamakon ƴan ajinku. In waya ta kawo amsar banza, nan take za ka gane, don ka fi ta sanin abin. Kafin ka taɓa maɓallin gudu, rubuta a takarda abin da kake jin zai fito, sannan ka gwada. Fara da mutum uku, ba 25 ba. Karanta kowane layi da Hausa da ƙarfi, kamar kana yi wa yaro aike. Layin da ka kasa faɗa da Hausa, ba ka gane shi ba tukuna. Kuma in ɗan aikenka ya fara tsawo har kana rasa kansa, raɗa masa suna ka buɗe masa shago. Lamda na ƙaramin aike ne. Burga ce kawai ke sa wasu cusa shi ko'ina, su dawo bayan wata ɗaya su kasa karanta rubutun hannunsu.

Turanci ma kada ya tsorata ku. Kalmomin da Python ta keɓe wa kanta ba su kai 40 ba, kuma wanda ya haddace jadawalin ninkawa a firamare zai haddace su cikin mako. Ƴan mata kuma, wannan karatun naku ne. Tun 1843 wata Baturiyar Ingila, Ada Lovelace, ta rubuta jerin umarni mai maimaita kansa don wata na'urar lissafi da ba a ma gama ƙerawa ba. Asusun nan na iyayenku ne, ku ke zama cikin taron ba tare da an ce namiji ya shigo ba, kuma ku za ku gaje shi. Ya fi kyau a ce mai riƙe lissafin asusun mata mace ce.

Iyaye, in kun ga yaro ya duƙufa kan waya, ku leƙa ku gani kafin ku yi faɗa. Wani kallon rawa yake, wani kuma karatu yake. Shugabannin asusu da na ƙungiyoyin manoma da masunta, in wani yaro ya zo ya ce zai sa muku lissafi a waya, ku karɓe shi hannu biyu, amma ku sa masa sharaɗin Inna.

Wanda ya riga mu nisa a wannan fanni cikin ƴan Madarumfa, na Maraɗi ne ko na Yamai ko na waje, ya taimaka ya faɗo mana Hausar da ya ga ta fi dacewa da waɗannan abubuwa. Ni zagaye da ɗan aike na ce, wataƙila wani yana da wadda ta fi. Allah ya sa albarka cikin asusun iyayenmu, ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya ba mu damina mai kyau da zaman lafiya.